Rumfa Ba Jari: Farantin Kutunse da Rowar Hukuma

Kowace 'yar kasuwa a Makola ta san gina rumfa daban, zuba mata jari daban. Rumfar da ba kaya, ko da gwal aka rufe ta, inuwa ce kawai. Wannan ƙaramin sani na masu talla shi ne ya gagari masu riƙe da baitulmali duk lokacin da aka zo batun ilmin taurari.

A Kutunse, arewa da Accra, akwai wani makeken faranti mai faɗin mita 32. Asalinsa na sadarwa ne. Da aikinsa ya ƙare, injiniyoyin Ghana da na Afirka ta Kudu suka mayar da shi kunnen da ke sauraron igiyoyin rediyo daga taurari. A watan Agusta 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya buɗe shi, Ghana ta zama ƙasa ta farko cikin abokan Afirka ta Kudu a shirin SKA da ta yi irin wannan juyi. Kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa farantin na hango samaniyar arewa da ta kudu, yana cike gurbin da ke tsakanin na Turai da na Afirka ta Kudu.

To, amma yanke ƙyalle yini guda ne, ciyar da na'ura kuwa kullum ne. Sa'a ɗaya ta kallo tana cin wutar lantarki marar yankewa, da agogo mai tsananin daidaito, da intanet mai ɗaukar tarin bayanai, da albashin injiniyan da zai kwana a farke. Irin waɗannan farantai kuma tare suke aiki: na nahiyoyi da dama su fuskanci tauraro ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Wanda wutarsa ta ɗauke a daren, ayari ya wuce shi. Saboda haka idan aka zabtare kuɗin gudanarwa, abin da ake yankewa shi ne sa'o'in kallo, ɗalibin da ke jiran bayanai don kammala digirinsa kuma ya tattara ya bar ƙasa.

Masu arziki ma sun ɗanɗana. A Amurka, da gwamnati ta ja hannu daga farantin Green Bank, sai aka shiga sayar da lokacinsa. Shirin Breakthrough Listen na attajiri Yuri Milner, da aka kafa a 2015, ya saye kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na Arecibo mai mita 305 ya sha shekaru ana rage masa kasafi kafin ya rufta a Disamba 2020. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuwa da bazar wasu muke rawa. Shirin DARA da ya horar da matasa a Kutunse da kuɗin asusun Newton na Birtaniya ya tashi. A 2021 Birtaniya ta rage tallafinta na waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu, daga baya aka naɗe tabarmar asusun. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce: magudanar Nima na ambaliya, matasan Maamobi ba aiki, ina ruwanmu da taurari? Ruwanmu da yawa. Yaron da ya iya gyaran wannan faranti ya iya lantarki, ya iya kwamfuta, ya iya lissafin da bankuna da kamfanonin waya ke farauta. Kuma ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Kakanninmu fatake da taurari suka ratso dare zuwa Salaga da goro a ransu. Manomanmu da Kaza da 'Ya'yanta suke auna damina. Muhammadu al-Kashinawi na Katsina, masanin lissafi da falaki, a Alƙahira ya rasu a 1741, ya bar littattafai. Har gobe idonmu na sama duk ƙarshen Sha'aban.

Don haka, jama'ar Zango, mu tambayi 'yan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas da ta Arewa: nawa aka ware wa Kutunse bana? Sa'a nawa farantin ya yi aiki bara? A wallafa kowa ya gani. Asusun Raya Zango kuma ya ɗauki nauyin kai ɗalibanmu can, ya biya wa haziƙansu karatun kimiyya. Gwamnatin da ta gina rumfa, wajibinta ne ta zuba jari.