Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Wutar Mota na Illela: Kafin Ku Sayi Osiloskof

Iyayen gidana, 'yan'uwa a sana'a, da yaranmu na gareji.

Na rubuto ne a kan maganar da ta fara yawo a bakin 'yan riwaya, wato na'urar nan da ke zana wutar waya a kan allo, osiloskof. Wasu har sun fara tara kuɗinta, suna tambayar wacce za su saya. Shawarata a taƙaice ita ce: kada lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta zaɓa muku. Ku bari motocin da ke tsayawa a ƙofar garejinku su zaɓa.

Motocin kuwa kun fi ni saninsu. Wanda ya koyi aiki a kan Peugeot 504 da J5 ya ci abinci shekara da shekaru da ƙwan gwaji da guntun waya, kuma babu wanda zai raina masa. Amma tun 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin OBD-II a motocin da ake sayarwa a can, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001, daga 2008 kuma Amurka ta ce dole a yi magana da motar ta layin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Waɗannan motocin ne suka tsufa suka gangaro mana, Corolla da Camry da Hilux da Golf, wasu da lambar Najeriya, wasu da ta Nijar daga Ƙonni da Tawa. Muka sayi kwamfutar duba mota, muka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Kwamfuta ƙorafin ƙwaƙwalwar mota kawai take kawo maka, kamar ɗan aike da ya ce maigida na jin ciwo amma bai ga inda ciwon yake ba. Ta nuna P0335, sai a ce sansar kiranshaf ta mutu, a aika Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80, ko a jira ta Kano. A ɗaura sabuwa, mota ta yi kwana biyu ta sake mutuwa a hanyar Gwadabawa. Ashe waya ce ta goge a jikin injin, sai ya yi zafi take taɓa ƙarfe. Mita ba za ta kama wannan ba, domin sau biyu ko uku take sauya lamba a daƙiƙa, yankewar kuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba. A garin da aka rufe masa iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kowa ya san tsadar kayan da aka saya bisa kirdado.

To, me za a duba? Ni dai da yawan layi nake farawa. Mai layi ɗaya ta koyo ce. Mai biyu ita ce mafi ƙarancin abin da zan kira kayan aiki, domin rabin amfanin na'urar shi ne gwada abu biyu a lokaci guda: kiranshaf da kamshaf, don ka gane ko sarƙar taimin ta tsallake haƙori ba tare da ka kwance gaban injin ba. Idan aljihu ya kai, a sayi mai huɗu, a ƙara kwayil da nozul a kan allo ɗaya. Nan ne za ka ga wanda ya fara ɗaukewa kafin injin ya mutu, wanda ya fara kuwa galibi shi ne mai laifi.

Sai lambar kwali. Za a nuna maka 100 MHz a ce ta fi mai 20 MHz nesa ba kusa ba. Ga mai gyaran rediyo da talabijin, wataƙila. A mota kuwa, PicoScope 4425A ta Ingila, wadda manyan garejin duniya ke ji da ita, 20 MHz ce kacal. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne kaifin zanenta da kuma zurfin ma'ajiyarta. Ga lissafin: injin da ke silo a kan 750 yana ɗaukar kashi 160 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya zagaya sau biyu, wato kowace silinda ta yi aikinta sau ɗaya. Kana so ka kama zagaye da yawa, sannan ka faɗaɗa hoton har ka ƙirga haƙoran faifan kiranshaf ɗaya bayan ɗaya, ka ga giɓin haƙora biyun da aka cire da gangan, 36 ba biyu a yawancin Toyota, 60 ba biyu a Volkswagen da Peugeot. Na'ura mai ƙaramar ma'ajiya, da ka faɗaɗa sai zanen ya wargaje. Ku tambayi mai sayarwa ma'ajiyar nawa ce. In ya kasa amsawa, ku nemi littafinta.

Kada kuma a yi ƙasa da yawa. Hantek 1008C tana da layi takwas ga araha, kuma tana aikin sansa da nozul daidai gwargwado, amma awonta miliyan 2.4 ne a daƙiƙa, ana kuma raba shi tsakanin layukan. Saƙon CAN mai gudun 500,000 a daƙiƙa ya fi ƙarfinta idan siffarsa kake son gani. Wanda ke karɓar motocin bayan 2008 ya nemi wadda za ta nuna masa ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin OBD-II sarai, ɗaya na hawa daga bolt 2.5 zuwa 3.5, ɗayar na sauka zuwa 1.5. Kafin ma ka jona ta, cire batir ka sa mita tsakanin ƙafafun biyu: om 60 lafiya lau, 120 kuwa an rasa ɗaya daga cikin masu rufe layin.

Akwai abin da masu rubuta shawara a Turai ba sa tunawa da shi, saboda garejinsu da rufi da wuta. Mu a ƙarƙashin dalbejiya muke, ko gefen titi inda tirela ta mace da kayan albasa. Na'urar tebur mai jiran wutar gida ba tamu ba ce. Wadda ake jonawa da laftof tana da babban allo da damar adana hoto, amma ka sayi nauyi biyu ke nan, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Mai batirinta a jiki, irin allunan Micsig ko ƙananan na hannu, ta fi dacewa da mai fita aikin hanya. In da hali, a kunna ta a tsakar rana kafin a biya. Allon da ba ya karantuwa a rana asarar kuɗi ne.

Kuɗin ma kada ku ƙarar da shi kaf a kan na'urar. Ku ware na kayan haɗi, domin su ne rabin aikin. Na farko mai rage ƙarfin wuta, 20:1, saboda nozul na harbo bolt 60 zuwa sama idan ya rufe, gefen farko na kwayil kuma yana kai 300 zuwa 400. In ka jona kai-tsaye kana iya ƙona layin tun ranar farko. Na biyu matsen awon karan, ƙarami na fanfon mai da kwayil, babba na wayar kik. Da babban nan za ka hana injin tashi, ka murza kik, ka ga tudun kowace silinda a jere. Wanda ya gajarta, can matsi ya zube, kuma ba ka kwance fulogi ko ɗaya ba. Sai siraran allurai na shiga bayan soket. Don Allah a daina huda rigar waya da allurar ɗinki. Damina na zuwa, ruwa ya shiga, bayan wata shida laifin da ka shuka ya dawo wa wani.

Motocin haibirid masu waya ruwan lemo, irin Prius, batirinsu ya haura bolt 200. Wanda bai samu horo da kayan kariya ba kada ya kai hannu.

Iyayen gida, nauyin ƙarshe a wuyanku yake. Na'urar ba ta faɗin laifi, zane kawai take yi, kuma wanda bai san zanen lafiyayyar mota ba ba zai gane na maras lafiya ba. Duk motar da ta shigo canjin fitila ko hon, ku nemi izinin mai ita, ku sa yaro ya ɗauki zanen kiranshaf da kamshaf da altaneta, ya adana da sunan motar da shekararta da lambar injin. Idan kuɗin mai layi huɗu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gareji uku su yi karo-karo su sayi guda mai kyau, a damƙa ta ga yaron da ya fi haƙurin karatu, a kuma ba shi lokacin koyo.

Allah Ya sa albarka a sana'a. Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a aikin riwaya