Maɓallin da ya dusashe ba kwaɗo ba ne

Tun da aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, wannan yanki bai rasa matasan da ke rubuta manhajar ofis ba. Da su nake magana, da shugabannin da za su sayi aikinsu.

Akwai wata dabara da ɗalibi ke koya tun farko a Visual Basic ko Microsoft Access. Manhaja tana cikin aiki sai ta duba wanda ya shiga. In ƙaramin akawu ne, umarnin ƙara suna a jerin masu albashi ya dusashe, ya ƙi dannuwa. In ma'aji ne, ya fito rangaɗaɗau. Layi ɗaya ne ke yin wannan. Ban ƙi dabarar ba. Tana hana kuskure, kuma na fi son a dusar da umarni a kan a ɓoye shi, domin akawu a sakatariyar Roni ko Gwiwa ya san abin yana nan, izini ne ba shi da shi. Joel Spolsky ma a 2008 cewa ya yi a bar umarnin a buɗe, in an danna manhaja ta faɗi dalilin hani.

Inda muka raba gari shi ne ɗaukar wannan a matsayin tsaro. Maɓallin yana fuskar manhaja ne, bayanan kuwa suna cikin rumbu a baya. A Access, in mai rubutun bai toshe hanyar ba, riƙe Shift yayin buɗe fayil ya isa a tsallake shafin shiga, a faɗa kan teburan kai tsaye. An kulle ƙofar zaure ke nan, katanga kuwa a zube.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da dubu 23 daga jerin albashi. Kowane suna a cikinsu, wani ne ya shigar da shi.

Don haka duk shugaban da aka kawo wa irin wannan manhaja ya sa a nuna masa cewa rumbun da kansa, kamar SQL Server, yana ƙin umarnin wanda ba shi da izini, yana kuma rubuta sunan wanda ya sauya albashi da ranar da ya sauya. Ya kuma hana ma'aikata biyar yin tarayya a kalmar sirri guda, ya sa odita ya riƙa duba wannan rajista kafin a biya albashin kowane wata.