Wa zai raɗa wa « bon à tirer » suna?

A maɗaba'a, kafin a tada inji, akan miƙa wa mai aiki samfurin ƙarshe a ce ya duba ya sa hannu. Da Faransanci ana kiran wannan « bon à tirer ». Da zarar ya sa hannu, duk kuskuren da ya saura nasa ne, shi zai biya.

Bara na raka wani dattijo marubuci karɓar littafinsa a Damagaram. Zubin haruffan da aka yi aiki da shi ba ya ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai mai tsara shafi ya sauya su da marasa ƙugiya, « ƙasa » ta koma « kasa » tun daga bango. Dattijon ya sa hannu, a zatonsa shaidar biyan kuɗi ce. Ba wanda ya yaudare shi. An dai yi masa magana da kalmar da ba ta shiga kunnensa ba.

Ina ganin laifin har da namu. Muna ta gardama kan sunan da ya dace da kwamfuta, alhali kalmomin da ke jawo asara suna nan ba mai kula su. Launukan bugu huɗu CMJN ne a Yamai, CMYK a Kano, mai aiki daga Maradi kuwa yana tsakani. Milimita 3 da ake ƙarawa a gefen shafi don wuƙar yanka ma har yau « fond perdu » muke ce mata.

Ni dai na ba da « izinin bugu ». Amma kafin kowa ya ƙirƙiro, a tura ɗalibai maɗaba'u da rikoda, su ji yadda ma'aikatan ke faɗa a tsakaninsu.