Babba ya kamata ya fara sassautawa

Yahudawa sun raba Attaura kashi 54. Kowace Asabar sukan karanta kashi guda a wurin ibadarsu. Wajen watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da mu nan muke cikin kaka, sukan iso kan labarin Annabi Ibrahim da Annabi Luɗu, ɗan ɗan'uwansa.

Dabbobinsu sun yi yawa, wurin kiwo ya yi kaɗan, masu yi musu kiwo suka fara faɗa. Ibrahim ne babba, shi ya cancanci ya fara zaɓe. Amma sai ya bar wa Luɗu. Luɗu ya ɗauki kwarin Urdun mai ruwa. Malaman Yahudawa sukan kawo wannan labari in suna koyar da tawali'u da sulhu.

To, mu fa? Daga Tasawa har Mayahi, kaka ba ta wucewa ba a ji rigima ba. Ko shanu sun shiga gona ba a kwashe hatsi ba, ko gona ta cinye burtali. Ba mu manta da Toda ba, cikin Gidan Rumji, inda mutum fiye da 100 suka mutu a 1991.

Wani zai ce Ibrahim yana da fili, mu kuwa ƙasa ta ƙure. Gaskiya ne. Amma ba a ce ka bar gonarka ba. Taku biyar ne a bakin burtali, ko haƙurin kwana goma kafin a saki dabbobi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitin kula da ƙasa, amma ko a gaban kwamiti sai wani ya fara sassautawa. A ganina, mai babbar gona da mai babban garke su fara, kada a dinga jiran mai akuya uku.