"Yi Haƙuri" Ba Ya Warkar Da Firgici

Mu mutanen Dabai da sauran ƙasar Zuru mun iya jaje, amma jinyar zuciya ta gagare mu. A Nuwamban 2025 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 25 daga makarantar Maga. Da suka dawo muka yi hamdala muka watse, sai ka ce a daji suka baro firgicin.

Yaron da ya ji harbi yakan zabura cikin barci, ya koma fitsarin kwance, karatu ya daina shiga. Mu kuwa mu ce iska ce, ko mu ce ya yi haƙuri.

Da an ambaci yoga sai wasunmu su toshe kunne. To, a bar sunan. Jan numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, kuma mai tasbihi bayan Asuba da mai addu'a a coci duk sun san daɗin natsuwa. A koya wa malaman firamare, su koya wa yara.

Amma kada gwamnati ta fake da wannan. Tun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ina ma'aikatanta a asibitocinmu?