Wa ya tantance matuƙin kwale-kwalen Zobe?

Direban da zai ɗebi fasinja a tashar Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi ya nufi Katsina ya san akwai takardar da doka ta ce ya riƙe, ya kuma san ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna ta. Matuƙin kwale-kwale a madatsar ruwa ta Zobe shi ma rayuka yake ɗauka, amma kamar sauran takwarorinsa a madatsun Arewa, shaidarsa yawanci ita ce shi ɗan wane ne, kuma an saba ganinsa a bakin ruwa. Wannan giɓin ya kamata a toshe shi tun ba a kai ga zaman makoki ba.

Zobe babban ruwa ne. An kammala ginin madatsar a 1983 a kan kogin Karaduwa, tsawon bangonta ya haura kilomita biyu da rabi, kuma tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. A watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha da ake ja daga nan, aka yi ta maganar famfo da noman rani. Masuntan da ke ci da iyalinsu daga ruwan, waɗanda ke fito da karfasa da tarwaɗar da ake soyawa a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi, ba kasafai ake tuna su ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓa da asuba ya san yadda aikin yake. Mutum biyu ne a jirgi, wani lokaci uku. Na baya yana riƙe da filafili, na gaba yana jan kallin da aka dasa tun jiya da yamma ko yana jefa birgi, yaro kuma yana tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Idon mai jan koma yana kan kifi. Idon yaro yana kan ƙasan jirgi. Saura mutum ɗaya tak da zai lura da hadarin da ke haɗowa daga gabas, da kututturen da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da wani jirgin da ke tahowa cikin hazon hunturu ba fitila. In wannan mutum ya yi gyangyaɗi, ko bai san abin da yake kallo ba, duk jirgin ya zama ba mai gadi.

Wannan aikin na zuba ido shi ne duniya ta yi wa doka ta musamman. A 1995 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, ta amince da yarjejeniyar STCW-F kan horarwa da tantance ma'aikatan jiragen kamun kifi, ta kuma fara aiki a watan Satumbar 2012. Ta ce jami'in da za a bar wa tsaron jirgi yayin tafiya sai ya kai shekara 18, an gwada lafiyarsa, musamman gani da ji, ya yi aiki a jirgi na tsawon lokaci, sannan ya ci jarrabawa. Sai dai wannan sharaɗi na jiragen teku ne masu tsawon mita 24 zuwa sama. Kwale-kwalen Zobe bai kai ko kusa da haka ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a tura masuncin Dutsin-Ma makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom. Abin ɗauka a yarjejeniyar shi ne tushenta: kada a damƙa wa mutum ran wani a kan ruwa sai an gwada shi.

A gida ma akwai doka. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta fitar da ƙa'idojin sufuri na 2023 da suka hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare, suka kuma wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. Ƙa'idoji ne masu kyau, amma hankalin hukumar ya fi karkata ga Neja da Binuwai, inda manyan haɗurra suka fi yawa. Madatsar da ke tsakiyar jihar Katsina tana buƙatar masu sa ido na kusa.

Kuma haɗarin ya riga ya zo maƙwabta. Ranar 30 ga Nuwambar 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su je Maulidi. A watan Afrilun 2022 wasu 29 suka nutse a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato. Wata ɗaya bayan haka, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, abin ya faɗo cikin jihar Katsina kanta: a ƙaramar hukumar Mai'aduwa kwale-kwale ya kife, aƙalla mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara. A Bagwai lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Ba a tsakiyar teku aka yi waɗannan asarori ba. Ruwan da mutanen gari suka sani ne, suke kuma ratsawa kullum.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne jirgin su da jirgin fito sau da yawa abu ɗaya ne. Kwale-kwalen da aka sassaƙa don mutum uku da komarsu shi ne ranar kasuwa ko ranar biki zai koma ɗaukar mata da goyo da buhun masara. Masunci ya iya iyo, in jirgi ya juye zai kama gora ya fita. Yarinyar da aka ɗauko yawon Sallah ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba.

Don haka abin da ya dace da Zobe shi ne ƙaramar takardar shaida mai mataki biyu, ɗaya ta masunci mai fita da abokin aikinsa, ɗaya mai tsauri ta wanda zai ɗauki fasinja. Gwajin a yi shi da Hausa, da baki da kuma a aikace, a bakin ruwa, don rashin karatun boko kada ya hana gwani samun shaida. A ga mutum ya yi iyo da kayansa a jiki. A ga ya ciro wanda ke nutsewa ba tare da an ja shi ƙasa ba, ya kuma san yadda ake taimakon wanda ya sha ruwa kafin a kai shi asibiti. A duba ganinsa da jinsa. Ya faɗi adadin mutanen da jirginsa ke ɗauka, a rubuta adadin da fenti a jikin jirgin yadda kowa zai gani, har fasinja ya samu bakin cewa an cika. Wanda bai kai shekara 18 ba ya ci gaba da koyo a hannun mahaifinsa, amma kada a bar masa fasinja shi kaɗai.

Masu yin wannan aiki suna nan a gari. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa, kuma malamanta da ɗalibanta sun daɗe suna bincike a Zobe. Su za su tsara darasin. Sarkin Ruwa da dattawan masunta su ne suka san inda ruwa ke da zurfi, da inda tsofaffin itatuwa suka nutse, da wanda ya iya da wanda ke cika baki, saboda haka su ya kamata su zauna a kujerar gwaji, sa hannunsu ya zama sharaɗi. Ƙaramar hukuma ta buga katin ta riƙe rajista. Fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi, ta hannun dagatai da masu unguwanni, su isar da saƙon har ƙauyukan da ke da ƙananan madatsu da gulaben da ke cika da damina. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, sanin wanda ke kan ruwa da dare ma wani amfani ne na daban.

Masunta za su yi tsoron abu ɗaya, kuma tsoronsu yana kan hanya: kada takarda ta zama sabuwar ƙofar karɓar kuɗi. Talakan da ya saba ganin rasit iri-iri a kasuwa yana da dalilin zargi. Idan aka sa wa katin farashi mai nauyi, ko aka saki masu kama mutane a gaɓa, masunci zai koma fita a ɓoye cikin duhu, haɗarin ya ƙaru. Shi ya sa zagayen farko ya kamata ya zama kyauta, wanda ya ci gwaji kuma a haɗa masa da rigunan kariya daidai adadin da aka rubuta a jirginsa, da fitilar hannu. Hukuncin wanda ya yi lodi fiye da kima ya fara daga hannun Sarkin Ruwa, a hana shi fita na wasu kwanaki, kafin a kai ga hukuma.

Akwai kuma masu cewa in kwana ya ƙare ba rigar da za ta hana. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma addinin da ya koyar da haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma limaman Juma'a na Dutsin-Ma da Kurfi sun fi kowa iya faɗin wannan a kan mumbari.

Lokacin farawa shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, kututture suka fito fili, masunta kuma ke da sararin zama. Idan shugabannin ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi suka kira Sarkin Ruwa da jami'a da hukumar madatsar zama ɗaya a bana, ana iya gama rajistar jirage da gwajin matuƙan fasinja kafin hadarin farko na damina mai zuwa.