RA'AYINMU: Tsakanin Shakka da Waswasi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, malaman fiƙihunmu sun daɗe da rarrabe masu shakka gida biyu. A cikin Risala, wanda ya yi kokwanton raka'a uku ya yi ko huɗu, zai yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya kawo ta huɗun. Amma mustankihi, wato wanda kokwanto ya aure shi kullum, an umurce shi da ya yi watsi da shi, ya yi sujada bayan sallama kawai. Shakkar na farko tana da magani. Ta na biyu kuwa ita kanta ce cutar.

Wannan ma'auni bai tsaya ga salla ba. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata maganin. Tsoron yana da tushe, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Neman tabbaci a irin wannan hali shi ne abin da Suratul Hujurat ta koyar. An kafa kwamitoci, an gwada maganin, aka samo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, Kano ta ci gaba da rigakafi a Yulin 2004.

To, a nan hanya ta rabu. Mai shakkar gaskiya ya karɓi hujja ya miƙa ɗansa. Mai waswasi kuwa, duk amsar da aka ba shi sai ya haifo sabuwar tambaya. Kafin ƙura ta lafa, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har da maƙwabciyarmu Benin. Mu da ke Lolo, da jama'armu ke kai da kawowa zuwa Madekali da kasuwar Malanbil, mun san cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Saboda haka, duk wanda kokwanto ya kama a kan rigakafi, ko karatun 'ya'ya mata, ko wani aikin alheri, ya tambayi kansa: wace hujja ce in ta zo zan gamsu? In yana da amsa, ya nufi masana abin, ya yi istihara, ya yanke wa bincikensa wa'adi. In ba shi da ita, ya sani Shaiɗan ne ke wasa da shi.

Sayyidina Umar, da labarin annobar Sham ya riske shi a hanya, ya shawarci Muhajirai da Ansar, ya yanke hukuncin juyawa Madina, bai kwana yana jujjuya maganar ba. Wannan ita ce hanyar magabata.

Allah Ya tsare mu daga sharrin mai sanya waswasi, Ya sa mu dace. Amin.